Ba a Tankaɗe Kafin Daka: Jerin Dokokin Tace Imel da Makomar Saƙonka

Akwai wata jimla da ta zama ruwan dare a harabar jami'o'inmu da ofisoshinmu, wato “ni fa ban ga saƙon ba.” Ɗalibi kan faɗe ta bayan wa'adin tura takardun neman tallafin karatu ya wuce. Malami kan faɗe ta bayan mujallar ilimi ta gaji da jiran gyaran maƙalarsa. Mai neman aiki kan faɗe ta bayan an yi ganawa an watse. Wanda ake faɗa wa kuwa yakan yi murmushi kawai, a ransa yana cewa wannan dai uzurin malalaci ne. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma sau da yawa mai maganar gaskiyarsa yake faɗi: saƙon ya bar hannun wanda ya aiko, ya iso gidan da aka nufa da shi, sai dai bai taɓa bayyana a gaban idon mai gidan ba. Tun a zaure aka yanke masa hukunci, kuma alƙalin da ya yanke hukuncin wata 'yar doka ce da ba ta fi layi biyu ba, wadda ta yiwu shi mai akwatin ne ya kafa ta da hannunsa shekaru uku da suka wuce, ya manta da ita.

Irin waɗannan dokoki su ake kira dokokin tace imel, kuma a kansu wannan fili zai tsaya a makon nan. Kafa su aikin minti biyu ne, kowa na iya koya. Abin da ba a cika koya wa mutane ba shi ne yadda kwamfuta ke bin su: wacce ake fara dubawa, wacce ke biye mata, kuma a ina ake tsayawa. Ra'ayina shi ne, matsayin doka a cikin jeri rabin ma'anarta ne. Doka guda, idan aka ɗaga ta sama ko aka sauke ta ƙasa, ba tare da an sauya ko wasali ɗaya a cikinta ba, tana iya zama sanadin tsirar wasiƙa ko halakarta.

Sharaɗi da hukunci

A shekarar 1971 ne injiniyan nan na Amurka, Ray Tomlinson, ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata, ya kuma zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da sunan na'urar da akwatinsa yake. Tun daga farkonsa imel ya zo da wani hali da wasiƙar gidan waya ba ta da shi: mai aikawa ba ya sayen kan sarki, don haka tura wa mutum ɗaya da tura wa mutum dubu kusan duk ɗaya ne a wurinsa. A watan Mayun 1978, wani jami'in talla na kamfanin DEC mai suna Gary Thuerk ya tura tallar sababbin kwamfutoci ga mutum kusan 400 a kan ARPANET, wato kakar intanet ɗin da muke amfani da ita a yau. Wannan shi ake lissafawa a matsayin saƙon tarkace na farko. Daga nan ya fara bayyana cewa akwatin da kowa ke iya jefa wa takarda kyauta, dole a naɗa masa mai gadi.

Dokar tacewa ita ce umarnin da mai akwati ke bar wa mai gadin nan. Kowace doka sassa biyu gare ta, sharaɗi da hukunci. Sharaɗi shi ne alamar da za a gane saƙon da ita: adireshin wanda ya aiko, ko wata kalma a cikin take, ko wata kalma a cikin wasiƙar kanta, ko girman saƙon, ko kasancewar an liƙa masa wata takarda. Hukunci kuwa shi ne abin da za a yi da shi: a kai shi wata jaka, a sa masa tauraro, a nuna kamar an riga an karanta shi, a tura wa wani kwafinsa, ko a jefa shi kwandon shara. Alal misali: idan saƙo ya zo daga shugaban sashe, a sa masa tauraro. Idan daga shagon sayayya ne, a kai shi jakar talla.

Muddin doka ɗaya ce tak, babu rigima. Rigima takan taso ne ranar da saƙo ɗaya ya cika sharaɗin dokoki biyu masu hukunci daban. Mutum zai iya tsayawa ya auna, ya ce ai wannan wasiƙar ta fi ƙarfin shara. Kwamfuta ba ta auna komai. Jeri take bi.

Duk wadda ta taɓa sarrafa gero ta san wannan darasi. Akan yi sussuka, a shiƙe, a surfa, a bakace, a wanke, a daka, sannan a ɗauko rariya a tankaɗe. Kowane mataki daidai ne a wurinsa. Amma wadda ta zuba tsabar gero a rariya kafin daka ba za ta ga gari ba, kuma idan dokarta ita ce duk abin da ya tsaya a saman rariya tsaki ne, a ba kaji, to ranar kaji sun yi biki, mutanen gida sun kwana da yunwa. Rariyar lafiyarta ƙalau, dokar ma ba ta yi ƙarya ba. Jerin ne ya ɓaci. Ɗaliban lissafi ma sun san haka: 2 + 3 × 4 amsarsa 14 ce idan aka fara da ninkawa kamar yadda ƙa'ida ta tanada, amma wanda ya fara da tarawa 20 zai samu, alhali lambobin ba su sauya ba.

Wasiƙa ɗaya, gidaje uku

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ƙaddara wata ɗaliba ce ta kammala digirin farko, tana neman tallafin karatun digiri na biyu. 'Yan damfara sun dame ta da saƙonnin “kin ci gasa”, waɗanda kusan dukansu da kalmar taya murna ta Turanci suke farawa. Sai ta kafa doka: duk saƙon da ke ɗauke da wannan kalma, a jefa shi shara. Bayan wasu watanni ta kafa ta biyu: duk saƙon da ya zo daga hukumar ba da tallafin, a kai shi jakar da ta sa wa suna Karatu. Ranar da sakamako ya fito, hukumar ta rubuto mata cewa ta yi nasara, kuma kalmar farko a wasiƙar ita ce ta taya murna. Yanzu saƙon ya cika sharaɗin dokokin biyu. Ina zai kwana? Amsar ta danganta da gidan da akwatinta yake, domin masu tsara manhajojin imel sun kasu gida uku a kan wannan tambaya.

Gida na farko na cewa wanda ya riga shi ke da iko. Ana bin dokoki daga sama zuwa ƙasa, kuma dokar farko da ta kama saƙo ita ce ta ƙarshe da za ta taɓa shi. Wannan tsari tsoho ne. Haka manhajar procmail take, wadda Stephen van den Berg ya fitar a 1990, ta kuma yi shekaru tana rarraba wasiƙu a kwamfutocin jami'o'i da kamfanoni: da zarar wata doka ta isar da saƙo wani wuri, aiki ya ƙare, sai fa idan an ce mata kwafi kawai za ta ɗauka. Yahoo Mail, wanda da yawa daga cikinmu a kansa muka buɗe akwatinmu na farko, shi ma idan dokoki biyu suka dace da saƙo ɗaya, ta sama yake ɗauka. A wannan gida, idan dokar shara ce a sama, wasiƙar ɗalibarmu ta tafi, dokar Karatu kuwa ko labarinta ba za ta ji ba. Idan aka musanya musu wuri, wasiƙar ta tsira.

Gida na biyu na cewa a bi jeri, amma kada a tsaya sai an ce a tsaya. Nan Outlook na kamfanin Microsoft yake. Saƙo kan bi dokoki ɗaya bayan ɗaya daga sama, kowace dokar da ta dace da shi ta zartar da nata hukuncin, har sai an iso wadda aka ɗaura wa umarnin “a dakatar da sauran dokoki”. Wannan umarni wuƙa ce mai kaifi biyu. Idan babu shi, saƙo ɗaya na iya faɗawa hannun dokoki masu karo da juna, har mutum ya tarar da kwafinsa a jaka biyu. Idan kuma aka ɗaura shi a kan doka mai faɗin sharaɗi, aka ajiye ta a saman jeri, to duk dokokin da ke ƙarƙashinta sun zama 'yan kallo. A wannan gida, bai wadatar ɗalibarmu ta ɗaga dokar Karatu sama ba. Sai ta haɗa mata da umarnin dakatarwa, in ba haka ba dokar shara na nan ƙasa tana jiran nata rabon.

A cikin wannan gida na biyu akwai wani tsari da ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin a ganina shi ya fi kowane nuna hankali. Sunansa Sieve, kalmar da ma'anarta a Turanci ita ce rariya. Wani ɗan ƙaramin harshe ne na rubuta dokokin tacewa, wanda ya samo asali daga aikin manhajar imel ta Cyrus a Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka. An wallafa ƙa'idojinsa a 2001 a takardar da ake kira RFC 3028, aka sabunta su a 2008 a RFC 5228, kuma kamfanoni irin su Fastmail da Proton Mail na aiki da shi. Masu tsara shi sun ɗauka tun farko cewa ɗan Adam zai yi kuskure, sai suka gina shi yadda kuskuren ba zai cinye wasiƙa cikin sauƙi ba. Idan babu dokar da ta ce komai a kan saƙo, akan ajiye shi a babban akwati. Idan dokokin suka harɗe ana cikin bin su, akan tsaya, a sanar da mai akwati, a kuma ajiye saƙon. Har umarnin zubarwa ma an rage masa ƙarfi: abin da yake sokewa kawai shi ne waccan ajiya ta babban akwati, ba ya warware hukuncin wata dokar da ta ce a kai saƙon wata jaka. Ke nan a ƙarƙashin Sieve, wasiƙar ɗalibarmu za ta isa jakar Karatu ko wace doka ce a sama, matuƙar ba a bi dokar shara da umarnin tsayawa ba. Falsafar a bayyane take: idan ana shakka, a ajiye.

Gida na uku shi ne Gmail, wanda Google ya ƙaddamar ranar 1 ga Afrilun 2004, wanda kuma a yau kusan duk mai wayar Android yana da akwati a cikinsa. Gmail bai ba ka maɓallin ɗaga doka ko sauke ta ba, bai kuma ba ka umarnin dakatarwa ba. Duk dokar da ta dace da saƙo takan yi aikinta. Dalilin haka yana cikin ginin gidan: a maimakon jakunkuna, laƙabi yake amfani da shi. Takarda ba ta zama a jaka biyu a lokaci ɗaya, amma tana iya ɗaukar laƙabi biyar, don haka babu buƙatar dokoki su yi takara. Sai dai idan ɗaya daga cikinsu ta ce a zubar, to za a zubar. Wasiƙar ɗalibarmu za ta sami laƙabin Karatu, ta kuma tafi kwandon shara da laƙabin nata, inda za ta yi kwana 30 kafin a shafe ta har abada. A wannan gida magani ba ya cikin jeri, yana cikin sharaɗi: dole ita dokar sharar a rubuta mata togaciya, a ce duk saƙo mai kalmar taya murna, ban da wanda ya zo daga adireshi kaza.

Mai karatu ya lura: dokoki biyu ne ba su sauya ba, wasiƙa ɗaya ce, amma makoma ta bambanta daga gida zuwa gida. Wanda ya ƙaura daga Yahoo zuwa Gmail, ko aka ba shi akwatin ofis a kan Outlook, ya ci gaba da tunani irin na tsohon gidansa, zai sha mamaki. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Ƙofofin da ke gaban ƙofarka

Akwai wani jerin da ya fi wannan girma, wanda mai akwati ba shi da iko a kansa. Dokokinka ba su ne na farko da saƙo ke gamuwa da su ba. Hasali ma suna kusa da na ƙarshe. Kafin wasiƙa ta iso gare su sai ta ratsa ƙofofi da dama a uwar garke, wato babbar kwamfutar kamfani ko ta jami'ar da ke karɓar saƙo a madadinka.

A ƙofar farko akan duba na'urar da ta kawo saƙon, a ga ko sunanta na cikin jerin waɗanda suka yi ƙaurin suna wajen watsa tarkace, irin jerin da ƙungiyar Spamhaus ke tattarawa tun 1998. Sannan akan tantance ko mai aikowa shi ne wanda ya ce shi ne, ta hanyar wasu ma'aunai uku. SPF na tambayar ko wannan na'ura na cikin waɗanda mai adireshin ya ba izinin aika saƙo da sunansa. DKIM hatimi ne na lissafi da ake buga wa saƙo, wanda ke karyewa idan an taɓa abin da ke ciki a hanya. DMARC kuwa shi ne wasiyyar mai adireshin game da abin da za a yi da saƙon da ya faɗi jarrabawar: a bar shi, a killace shi, ko a ƙi karɓarsa. Akwai kuma binciken ƙwayoyin cutar kwamfuta. A ma'aikatu akwai dokokin da jami'in kula da na'urori ke kafa wa kowa da kowa. A tsarin Exchange na Microsoft lamba ake ba su, mai lamba 0 ita ake fara bi, kuma dukansu suna gaba da dokokin ma'aikaci. Akwai kuma matacin tarkace, wanda ke auna saƙo da ƙididdiga. Wannan dabara ta yaɗu ne bayan maƙalar da Paul Graham ya wallafa a watan Agustan 2002, inda ya ɗora ta a kan ƙa'idar yiwuwa ta Thomas Bayes, masanin lissafin Ingila na ƙarni na 18. Sai bayan duk waɗannan ake kiran dokokinka.

Abubuwa uku ke biyo bayan wannan. Na farko, saƙon da aka kora tun a ƙofar gari, babu dokar cikin gida da za ta cece shi, domin bai shigo ba balle a tace shi. Wanda kuma aka riga aka kai jakar tarkace, a Outlook galibi dokokin akwati ba sa bin sa can. Abin da ke aiki shi ne sa adireshin a jerin amintattun masu aikowa. Gmail kuwa ya tanadi wani hukunci na musamman da ke cewa kada a taɓa kai saƙon wane jakar tarkace. Duk mai jiran muhimmiyar wasiƙa ya kamata ya san wannan.

Na biyu ya shafi al'adar da ta yaɗu tsakanin malamai da ɗalibai, ta karkatar da dukan saƙonnin akwatin makaranta zuwa akwatin kai. Idan uwar garken makaranta ta sake tura saƙo, gidan da zai karɓa yakan ga cewa na'urar da ta kawo shi ba ta cikin waɗanda ainihin mai aikowa ya ba izini, sai ma'aunin SPF ya faɗi. Idan hatimin DKIM na nan lafiya, saƙon kan wuce. Idan babu hatimin, ko an karya shi ta hanyar ƙara wani rubutu a ƙasan wasiƙar, ana iya killace saƙon ko a ƙi shi. Ke nan dokar turawa kan mayar da wasiƙa bakin ƙofar farko ta wani gari, ta sake bin layi daga tushe, kuma wannan karon da takardun shaida masu rauni.

Na uku, wasu dokokin ba a uwar garke suke zaune ba, a kan kwamfutarka suke. Dokokin Thunderbird, da na manhajar Mail ta kwamfutocin Apple, da wasu daga cikin na tsohon Outlook, ba sa aiki sai manhajar na buɗe. A ƙasar da wutar lantarki ke zuwa ta ɗauke, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutum na iya ganin saƙo a wayarsa da safe, ya ce zai amsa da yamma. Da rana a kawo wuta, a kunna kwamfutar ofis, dokokinta su farka su kwashe saƙon zuwa wata jaka. Da yamma ya duba waya ya ga wayam, ya fara zargin idonsa.

Da ɗan gari akan ci gari

Ɓarayin intanet sun fahimci darajar jeri fiye da yawancin masu akwati. Idan suka sace kalmar sirrin mutum, musamman ma'aikacin da ke hulɗa da kuɗi, abu na farko da sukan yi shi ne kafa doka: duk saƙon da ke ɗauke da kalmomi irin su biya, banki, ko takardar neman kuɗi, a tura kwafinsa wani adireshi na waje, a nuna kamar an karanta shi, a kai shi wata jakar da ba a leƙawa. Idan aka ɗora irin wannan doka a saman jeri tare da umarnin dakatarwa, ɓarawo na iya yin makonni yana musayar wasiƙu da abokan cinikin mai akwati da sunansa, yana ba su sabuwar lambar asusu, duk amsar da suka maido kuwa ba ta isa idon mai akwatin. A watan Nuwamban 2020 hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta fitar da gargaɗi ga kamfanoni a kan wannan dabara, inda ta nuna cewa dokar da aka kafa ta shafin intanet ba lallai ta bayyana a manhajar kwamfutar ofis ba, don haka masu lura ba sa ganin ta.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne, sauya kalmar sirri ba ya goge dokokin da ɓarawo ya bari. Ka sauya kwaɗon ƙofa, amma yaron da ya ɗauka aiki yana nan cikin gida yana miƙa masa wasiƙunka ta taga. Duk wanda aka taɓa kutsa wa akwati, bayan sabuwar kalmar sirri, wajibi ne ya buɗe jerin dokokinsa da saitin turawa, ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, daga shafin intanet na akwatin, ya goge duk wadda bai san asalinta ba.

Abin da ya rage gare mu

Wani zai ce, tunda abin haka yake, me zai hana a bar dokokin gaba ɗaya, mutum ya riƙa duba komai da idonsa? Ga mai karɓar saƙo biyar a rana, wannan shawara ce mai kyau, kuma ina goyon bayanta. Amma malamin da ke duba ɗalibai masu yawa, ko ma'aikacin ofishin rajista, idan bai tace ba, muhimmiyar wasiƙa za ta nutse a cikin sanarwa da talla, wanda shi ma wani nau'in ɓata ne. Bugu da ƙari, ko ka bar naka dokokin, na ƙofofin gaba suna nan suna aiki. Mafita ita ce a yi tacewar da sani.

Ga mai akwati, ƙa'idojin kaɗan ne. Ka san gidan da kake, ko mai tsayawa a dokar farko ne, ko mai bin jeri har sai an tsayar da shi, ko mai zartar da duka. Ka sa doka mai ƙunci a gaban doka mai faɗi: ta mutum ɗaya kafin ta ma'aikata gaba ɗaya, ta adireshi kafin ta kalma. Ka sa dokar da ke ceto a gaban dokar da ke halakarwa, ka kulle ta da umarnin dakatarwa inda akwai shi, inda babu kuma ka rubuta togaciya. Kada ka ɗora hukuncin zubarwa a kan kalma guda, domin kalma ba ta da amana; wadda ɗan damfara ke amfani da ita, ita mai albishir na gaskiya ke amfani da ita. Maimakon shara, ka buɗe wata jaka ta jiran hukunci, ka riƙa leƙa ta tare da jakar tarkace sau ɗaya a mako. Duk sa'ad da ka ƙara sabuwar doka, ka duba inda ta sauka a jeri, ka kuma gwada ta da saƙo daga wani akwatin. Mai jiran sakamakon tallafi ko kiran ganawa kuwa, ya yi wannan bincike ranar da ya tura takardunsa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga hukumomi, nauyin ya fi haka. Makarantu da ma'aikatu da yawa sun mayar da imel hanyar sanarwa ta hukuma, suna ɗora wa'adi a kansa, suna hukunta wanda bai amsa ba. Wanda ya yi haka ya ɗauki alhakin tabbatar da cewa saƙonsa na iya ratsa ƙofofi. Tun watan Fabrairun 2024, Google da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa ga masu aika saƙo da yawa. A wajen Google, mai tura saƙo 5,000 ko fiye a rana zuwa akwatunan Gmail dole ya kasance da SPF da DKIM da DMARC. Hukumar da ke aika wa dubban ɗalibai sanarwa ba tare da ta gyara waɗannan ba, ita ta jefa wasiƙarta a rijiya, bai kuma dace ta ɗora wa ɗalibi laifin rashin gani ba. Haka nan jami'in da ke kafa dokoki ga ma'aikata duka, ya kamata ya rubuta jerinsu da dalilin kowace, ya fifita killacewa a kan shafewa, ya kuma bar wa mutane hanyar ganin abin da aka tsare musu. Hukuncin da ake yankewa a ɓoye, ba tare da wanda ya aiko ko wanda aka aiko wa ya sani ba, ba a iya ɗaukaka ƙara a kansa.

Hausawa na cewa garin gyaran gira akan rasa ido. Tsabtace akwati gira ce. Wasiƙar da za ta sauya rayuwar mutum ita ce ido. Kafin mai karatu ya ajiye wannan jarida ya shiga wata hidimar, ina ba shi shawarar ya buɗe saitin imel ɗinsa, ya nemo sashen dokokin tacewa, ya karanta su daga sama zuwa ƙasa kamar yadda kwamfuta ke karanta su, yana tambayar kansa a kan kowace: idan wasiƙar da na fi jira a duniya ta iso nan, me wannan dokar za ta yi da ita?

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.